Inda Ji Ya Kori Gani: Ire-iren 'Yan Jagora a Iskandariya

Bahaushe ya ce gani ya kori ji, amma da alama wanda ya fara faɗin haka bai taɓa sauka Iskandariya ba. Wannan birni na ƙasar Masar da ke bakin Bahar Rum, tafiyar kusan awa uku a mota daga Alƙahira, ya yi suna ne da abubuwan da yau babu su. Hasumiyar da ke haska wa jiragen ruwa hanya, wadda aka lissafa cikin abubuwan al'ajabi bakwai na zamanin da, girgizar ƙasa ta kayar da ita. Ko Ibn Battuta da ya koma wurin a 1349 bai samu ta inda zai shiga ba saboda lalacewa. Tsohon ɗakin karatun da ya tara littattafan duniya ya shuɗe tun tuni. Kabarin Iskandar, wanda ya kafa garin a shekara ta 331 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), har gobe ba a san inda yake ba. Unguwar sarakunan da ta ƙunshi fadar sarauniya Kiliyofatara kuwa tana ƙarƙashin ruwan tashar jiragen gabas, kifaye ke zaman fadanci a ciki. Don haka duk wanda ya ciro kuɗi ya ɗauki ɗan jagora na kansa, ya sani bakin mutum ya yi haya na wuni guda. Mota mai sanyi da ruwan gora gyara ce kawai. Tunda kuwa baki ake saye, sai a san irin bakunan da ke kasuwar.

Na farko shi ne Mai Ƙarin Gishiri, mutum mai fara'a wanda bai taɓa barin tambaya ta kwana ba amsa ba. Ka je da shi gindin Amudus Sawari, ginshiƙin jan dutsen Aswan mai tsawon kusan mita 27 wanda Turawa ke jingina wa Janar Fombe na Rum, sai ya ɗaga yatsa sama ya rantse cewa kan janar ɗin na can a ƙoli cikin tulu. Gaskiyar magana ita ce an kafa ginshiƙin ne wajen shekara ta 300 don girmama sarki Diyokiletiyan, fiye da shekara 300 bayan mutuwar Fombe. A kaburburan ƙarƙashin ƙasa na Kom al-Shuƙafa, waɗanda aka gano a 1900, akwai labarin da ya shahara cewa wani jaki ne ya rufta cikin rami har aka ga ƙofar. A bakin Mai Ƙarin Gishiri wannan jaki yana ƙara girma duk mako: da safe yana ɗauke da duwatsu, da rana ya zama yana da suna, kafin la'asar an san mai shi da yawan 'ya'yansa. Baƙo zai yi dariya, ya ji daɗin wuninsa, ya koma gida ya shimfiɗa wa majalisa ƙarya da zuciya ɗaya, har ya yi musu da ɗalibin tarihi yana cewa ai shi da ƙafarsa ya je.

Kishiyarsa shi ne Malam Hadda. Wannan ba ya ƙarya ko ta kwabo, domin ya haddace littafin makaranta tun daga bango har bango. A gaban ganuwar Ƙaitabai zai gyara tsayuwa ya karanto cewa Sarkin Musulmi Ashraf Ƙaitabai na daular Mamluk ne ya sa aka fara gina ta a 1477, a daidai gurbin tsohuwar hasumiya, kuma duk daidai ne. Matsalar ita ce karatun ba ya jure katsewa. Yaro ya tambaye shi me ya sa tagogin ganuwar ƙanana ne, sai ya yi shiru, ya dubi teku, ya koma farkon layi daga 1477. Rana na dukan iyali, uwargida na neman inuwa da ido, masunta na can gefe suna janye taru wanda shi ne abin da yaran ke son kallo, amma malam bai kai aya ba. Wanda ya faɗa hannunsa zai tashi da shekaru cike da kai, amma in an ce ya faɗi abu ɗaya game da mutanen da suka zauna a ganuwar, sai inda-inda.

Na uku shi ne wanda ya fi kowa haɗari, wato Hawainiya. Tun daga ƙofar otal yake karanta hular baƙo da kaftaninsa, ya zaɓo tarihin da zai dace da su. A gaban sabon ɗakin karatun Iskandariya da aka buɗe a 2002, mai bangon dutse da aka sassaƙe shi da haruffan rubuce-rubucen duniya, dole a tambayi wa ya ƙone tsohon. In Bature ne a motar, sai ya rage murya ya ba shi labarin cewa Amru ɗan As ne ya sa aka hura gidajen wanka da littattafan bisa umarnin Halifa Umar. In ya ga carbi, sai ya ɗora laifin kacokan a kan Yuliyas Kaisar da gobararsa ta shekara ta 48 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Abin da masana suka tsaya a kai ya fi duka biyun tsawo: labarin Amru bai bayyana a rubuce ba sai a ƙarni na 13, kusan shekara 600 bayan Musulmi sun shiga garin, shi ya sa mafi yawan masu tarihi ba su karɓe shi ba, gobarar Kaisar ta yi ɓarna, amma ɗakin karatun ya daɗe yana mutuwa a hankali da yaƙe-yaƙe da sakaci da yankewar kuɗin sarakuna. Haka nan Hawainiya zai tabbatar wa Alhaji cewa Iskandar shi ne Zulƙarnaini ba tantama, alhali malamai sun yi saɓani, Ibnu Kasir ma ya bambanta su. Ƙaryar Mai Ƙarin Gishiri a fili take, wata rana a gano ta. Ta Hawainiya kuwa da wuya, domin abin da ke zuciyarka ya ɗauko ya sayar maka.

Na huɗu Ɗan Kamasho ne, mai dangi a kowane lungu. Ɗan wansa na sayar da turare, surukinsa na da shagon takardar gargajiya ta Fir'aunoni, abokinsa na da gidan cin kifi inda ake auna kifin a sikeli, amma ba a faɗin farashin kilo sai an gama suɗe ƙaya. Alamarsa ita ce yadda yake rabon lokaci. A Kom al-Shuƙafa, inda matakala mai murɗiya ke gangarawa da mutum hawa-hawa zuwa ɗakunan da aka cakuɗa zanen Masar da na Girka da na Rum a bango ɗaya, minti ashirin sun ishe shi, yana duban agogo. A shagon turare kuwa agogon ya tsaya: a kawo shayi, a shafa wa Hajiya wannan a bayan hannu, a shafa wancan a gefen mayafi, shi yana gefe yana danna waya kamar ba ruwansa. Wani zai ce a yi masa adalci, domin aikin jagora na da kakarsa, kuma kamfanoni da yawa ba sa biyan abin kirki, da la'adar shago ake cefane. Wannan gaskiya ne, kuma ba laifi ba ne mutum ya ci la'ada. Laifin shi ne ɓoye ta, da sayar da wuni ɗaya ga mutum biyu: baƙo ya biya, mai shago ya biya, kuma kowa ya san wanda za a fi yi wa biyayya.

Na biyar shi ne Sarkin Sauri, wanda takardar tallarsa ke ɗauke da wurare goma cikin wuni guda, har da zuwa da komawa Alƙahira. Lissafi kaɗai ya isa ya tona shi. Awa shida sun tafi a hanya. Tsakanin ganuwar Ƙaitabai a yamma da lambunan fadar Muntaza a gabas akwai titin bakin teku da ya haura kilomita 15, wanda in zafi ya shigo mutanen Alƙahira suka kwararo shan iska yakan cushe da tasi masu launin rawaya da baƙi. Abin da ya rage bai wuce a sauka, a tsaya, a yi murmushi, a koma mota ba. Shi ya sa Sarkin Sauri gwani ne wajen ɗaukar hoto: ya san inda za ka ɗaga tafi ginshiƙi ya zama kamar a hannunka yake. Da dare baƙo na duba hotunansa yana tambayar matarsa, "Hajiya, nan ina ne ma?"

To amma adalci ya sa a juya madubi, domin baƙin ma iri-iri ne. Akwai Alhaji Na-Riga-Na-Sani, wanda ya kwana yana karatu a waya, ya ɗauki jagora don ya samu wanda zai yi wa gyara. Akwai Hajiya da jikinta ke gidan tarihi amma zuciyarta na kasuwar Zanƙatus Sittat, tana lissafin mayafan tsaraba. Akwai Mai Taya, wanda zai yi ta ciniki har ya matse farashi ya koma abin da ko man mota ba zai saya ba, sannan ya yi mamakin yadda aka yi ya wuni a shagunan turare. Ya manta cewa araha ba ta ado, kuma abin da ya ƙwace da safe da shi za a fanshe da yamma. Akwai samari masu neman inda za su tsaya teku ya fito a bayansu, ko da Fir'auna da kansa zai wuce ba za su waiga ba. Sau da yawa kuma duk huɗun a mota ɗaya suke, iyali guda ne, kowa na jan jagora gefensa.

A nan ne masu cewa ɗaukar jagora ɓarnar kuɗi ce suke samun bakin magana. Ga waya a aljihu, ga taswira, ga bayanin kowane dutse a intanet. In kuma dole sai da jagora, shiga motar ayari ya fi sauƙi. Amsar tana unguwar Anfushi. A can, a dandalin masallatai, akwai masallacin Abul Abbas al-Mursi, malamin ɗariƙar Shaziliyya da aka haifa a Andalus, kuma dab da shi akwai masallaci da makwancin almajirinsa Imam Busiri, mai Burda da Hamziyya. Bahaushen da ya tashi yana jin Burda a wurin maulidi zai fi samun abin da zai riƙe a nan fiye da a gindin ginshiƙin wani sarkin Rum. Amma motar ayari jerin Turawa take bi: za a tsaya minti biyar a ɗauki hoton ƙubbobin al-Mursi daga waje, a wuce Busiri ba tare da an ambaci sunansa ba. Waya kuwa tana amsa abin da ka tambaya ne kawai, wanda bai san makwancin na nan ba ba zai tambaya ba. Sai da ɗan gari akan ci gari, amma ɗan garin da ya tsaya ya tambaye ka me ya kawo ka, ya san lokacin da za a tsaya salla, ya san ƙafar tsohuwa ba za ta jure matakalar kaburbura ba. Wannan kaɗai ne dalilin biyan kuɗin jagora na kai, kuma duk mutum biyar ɗin da aka lissafa a sama ba mai yin sa.

Saura masu cewa ɗan gishiri ai shi ne daɗin miya, yawon buɗe ido ba aji ba ne. Da tarihin garin lami ne, da sai a yarda. Amma garin da Jamal Abdul Nasir ya tsaya a dandalin Manshiyya ranar 26 ga Yuli 1956 ya sanar da ƙwace mashigin Suwez, garin da sarki Faruk ya bar mulki ya hau jirgin ruwa daga fadar Ra'asut Tin a 1952, garin da masu ninƙaya suka tsamo gumaka da ginshiƙai daga gindin ganuwar Ƙaitabai a shekarun 1990, ba ya buƙatar a ƙirƙira masa komai. Mai ƙari yana ƙari ne don bai karanta ba, ko don ya raina mai sauraro.

Tantancewar kuwa ba ta da wuya, kuma kafin a biya kafin alƙalami ake yin ta. A nemi ganin katin izininsa, domin aikin jagora a Masar da lasisin ma'aikatar yawon buɗe ido ake yin sa. A tambaya ko kuɗin shiga wurare na cikin farashin, a kuma faɗa a fili cewa ba shago sai wanda aka nema. A rage jerin ya koma wuri uku ko huɗu. Sannan a jefa masa tambayar da masana ba su da amsarta, a saurara. Wanda ya iya cewa "wannan ba a sani ba, ga dai abin da ake zato da dalilinsa" shi ne abin nema, kuma yana nan, ba a rasa shi ba. Ƙarancinsa daga wajen baƙi ne: da yamma in an zo sallama, wanda ya ba da dariya da wanda ya gaskata mana abin da muke so su ke tashi da tukuici mai kauri, mai faɗin gaskiya a ba shi "Allah Ya saka da alheri". Ɗan kasuwa abin da ake saye yake sarowa. Ranar da baƙi suka fara ba da tukuici don an ce musu ba a sani ba, Mai Ƙarin Gishiri da kansa zai nemi katin shiga ɗakin karatu.