Zuwa Ga Bawana Bazazzage, Likitan Jita

Bawana ɗan Zazzau! Labari ya iso Kano cewa ka buɗe asibitin jita a zaurenku, kuma marar lafiyar farko tana kwance a kan tabarma, kayan cikinta na cikin kwanon sha. Da ka nemi shawarar iyayen gidanka kafin ka ɗauki filaya, da ba a kai ga haka ba. Amma ku Zage-zagi, da zarar acaɓa ya bi da ku ta ƙofar jami'a sai ku ɗauka digirin ya shafe ku.

Bari in gaya maka abin da ka saya a gwanjo, tunda girman kai bai bar ka ka tambaya ba. Jitar nan samfurin ES-335 ce, wadda kamfanin Gibson ya fito da ita a 1958 a garin Kalamazoo na Amurka, zamanin shugabancin Ted McCarty. Kafin ita, makaɗi zai zaɓi ɗaya cikin biyu: mai kogon ciki, wadda amonta ke da daɗi amma da an ƙure lasifika sai ta kama kuwwa, ko ta dunƙulallen katako da ba ta wannan rigimar. Sai mutanen Gibson suka raba gardama. Suka shimfiɗa gungumen katako a tsakiyar cikin, daga wuya har gindi, suka bar gefe biyu a rarake, kowane gefe da siririyar taga mai lanƙwasa. Kar ka fara ɗaga kafaɗa, taka ba Gibson ba ce. Epiphone ce, ƙanwarta mai sauƙin kuɗi, daidai aljihun Bazazzage.

To, tagar nan ita ce ta kayar da kai. Jita irin su Les Paul tana da murfi a baya, ka kwance shi ka ga wayoyi a fili. Taka ba ta da ƙofar baya. Mamurɗai huɗu, biyu na ƙara biyu na kaifin sauti, da makunni mai hawa uku, da soket ɗin da ake cusa wayar amfilifaya, duk ta wannan tsukin ake fito da su, ta nan kuma ake mayar da su. Fitarwa ko yaro zai iya. Mayarwar ce ake gane maza.

Kuma fisabilillahi me ke damunta tun farko? In an murɗa ƙara sai ta yi ƙarrr. Ƙurar hunturu ce ta shige mamurɗin. Duk mai gyaran rediyo a bakin kasuwa zai fesa mata ruwan wanke kayan lantarki, ya murɗa gaba ya murɗa baya, ya karɓi na shayi. Kai kuwa ka ce sai an sake waya gaba ɗaya. Garin neman gira ga shi ana batun ido.

Masu sana'ar, kafin su kwance noti ko ɗaya, sukan ɗaura zare a wuyan kowane mamurɗi, ko su cusa masa siririyar roba irin ta ƙarin ruwa, ta yadda in ya faɗa ciki jelarsa na nan waje ta raminsa. Sukan ɗora kwali a fuskar jitar su zana gurbin ramukan, su huda, su jera sabbin kayan a kai, su yi duk aikin dalma a waje inda ido ke gani. Sai su jona da amfilifaya, su ƙwanƙwasa maɗaukin sautin da bakin ƙarfe. In ya amsa da ƙwas, sai a rufe fenti da tsumma, a fara zura kayan ta taga ana jan zaren a hankali, na nesa da taga shi ne farkon shiga. Kai me ka yi? Ka kwance notin soket, soket ya ce ga garinku nan, ya faɗa ciki. Wanda ya ba ni labari ya rantse ya same ka ka ɗaga jita sama, ka kifa ta, kana girgizawa kana leƙe da ido ɗaya kamar yaro da asusunsa ranar jajiberin salla.

Sabbin mamurɗan da ka yi oda kuma, lambarsu daidai ce, 500k, wannan na yaba maka. Sai dai ƙirar Amurka ne, awon inci, wuyansu ya fi ramukan jitarka kauri, don ita da awon milimita aka huda ta a Asiya. Akwai ƙarfen da ake buɗa rami da shi sannu-sannu. An ce kai wuƙar yankan albasa ka aiko a karɓo daga cikin gida.

Sai 'yar wayar nan da ka tsinke ka ce ba ta zuwa ko'ina. Tana zuwa, bawana. Daga ƙarfen da ke riƙe tsirkiyoyi ta taso, a bayan mamurɗi ake like ta, ita ke sa zugugin lantarki ya lafa in hannunka na kan tsirkiya. Seth Lover ya ɓata lokacinsa a 1955 ya ƙera maɗaukin sauti mai naɗin waya biyu masu saɓa wa juna don su kashe zugugi, kai ka zo da rana tsaka ka buɗe masa wata ƙofar. Dalmar ma ba ta kama ba. Bayan mamurɗi sai an kankare shi an ba shi zafi sosai har dalma ta malale tana ƙyalli. Taka ta dunƙule ta dusashe, don wuta ta ɗauke ka koma gasa ƙusa a gawayi.

Na ji har suna ka raɗa mata, wai kana bin sawun B.B. King da jitarsa Lucille. Shi a 1949, a garin Twist na jihar Arkansas, gobara ta tashi a gidan rawa, ya koma cikin wuta ya ceto jitarsa. Taka ita ke neman mai ceto ta daga hannunka. Ko a nan kusa, Mdou Moctar na Nijar da wayar keke ya haɗa jitarsa ta farko, yau ga shi yana zaga duniya da kiɗa. Shi daga babu ya yi jita, kai daga jita ka yi babu.

Ka tattara kayan cikin a leda, ka ƙirga notoci, ka shiga motar Kano. Ka haɗo da kuɗin sharata na bara da ka maƙale. In kuma ka gaji da ita, ina saye, amma farashin 'yan gwangwan, a kilo.