Gyara Kayanka Ya Zama Sauke Mu Zubar

Allah ya saka wa masu wannan sabon ilimi da alheri. Shekara da shekaru muna fama da ciwon kai da rashin barci, muna ɗora laifin a kan tsadar gero da zafin bazara, ashe cutar tana nan jere a ƙuryar ɗaki: randa, tulu, tasa da kwalla. Wata 'yar Japan, Marie Kondo, ta fitar da littafi a 2011, Netflix ya ɗauke ta a 2019, ga shi maganin ya iso har wayoyin 'ya'yanmu a Njamena. Ba shi da wuyar sha. Ka ɗauki abu ka riƙe. In zuciyarka ta yi fari ka ajiye, in ba ta yi ba ka yi masa godiya ka kai shi juji.

Mai son ganin yadda cutar ta ci jiki ya je Gawi, kimanin kilomita 10 arewa maso gabas da Njamena. Garin Kotoko ne, matansa kuwa ba su da sana'a sai ƙaro wa duniya tarkace. Za ka tarar da tsohuwa ta miƙe ƙafa a inuwa, yumɓu a gabanta, tana murzawa tana ɗorawa, tana lailaye cikin da jiƙaƙƙen hannu, kafin la'asar wata sabuwar damuwa ta tsaya da gindinta. Ko bangon gida ba su bari ya huta ba, sun cika shi da zane. Abin gado ne. Mutanen Sao, da Kotoko ke kira kakanninsu, har gawa a cikin manyan randuna suke binnewa. Mutum ya mutu ma ba a raba shi da tukunya ba, ina zai ga kwanciyar hankali?

Sa'ar da aka yi, masu taimako sun zo da wuri. Daga 1936 Marcel Griaule da Jean-Paul Lebeuf suka shiga tuddan Sao na kudancin Tafkin Chadi, suka tono mutum-mutumin yumɓu da kayan tagulla, ƙasa ta sami sauƙin nauyi. Da yawansu suna Faris a yau. Dubi sadaukarwa! Bayin Allah sun kwashi damuwarmu sun kai gidansu, sun rufe a gilashi, su kaɗai suke fama da ita, sai ɗan kuɗin shiga da suke karɓa don rage zafi. Wani ɓangare na ragowar yana tsohuwar fadar Sarkin Gawi da aka mai da gidan tarihi, yana jiran wani mai tausayin.

A Gawin nan kuma aka sauke dubban 'yan Chadi da rikicin Afirka ta Tsakiya ya koro a 2014. Sun baro shaguna da gadaje da kekunan ɗinki a Bangi, suka iso da abin da hannu zai iya ɗauka. Tanti fes, tabarma ɗaya, jarka ɗaya. In ilimin nan gaskiya ne, kaf Chadi babu wanda ya kai su nutsuwa. Sai dai mutane ne marasa godiya: shekaru suka yi a filin nan ba abin da suke tambaya sai tukunya da bargo.

Mu ma haske ya shigo gidanmu bara, ta hannun 'yar yayana. Ta tsaya a tsakiyar ɗakin Inna, waya a hannu, ta dafa tsohuwar randar da aka kawo daga Gawi tun ban yi wayo ba.

"Kaka, wannan tana sa ki farin ciki?"

"Ke kishiya, ruwa take sa mini a maƙogwaro."

Amsar ba ta cikin darasi, don haka randa ta faɗi jarrabawa. Aka juya kan jere. Kwallayen nan, mu jahilai muna ganinsu banki ne, don ranar da Baba ya kwanta ciwo guda biyu Inna ta miƙa wa dillaliya aka sayo magani kafin magariba. Ashe ƙura kawai suke tarawa. 'Yan gwangwan suka auna su a sikeli, aka cika kuɗi aka sayo firij. Ɗaki ya yi fayau, in ka yi tari sai bango ya amsa.

Sai Afrilu ya kama, zafi ya haura digiri 40, wuta ta tafi yawonta. Firij ya tsaya a kusurwa fari tas, gwanin kyau, ruwan cikinsa sai ka ce na alwalar hunturu. Ita randa ƙazama ce, gumi take yi: ruwa ya tsattsafo ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi ta tafi da zafin, na ciki ya yi sanyi, ba ta kuma taɓa aiko takardar kuɗin wata ba. Wa zai zauna da irin wannan abin kunya? Inna dai ta sami cikakken sararin tunani. Dare biyu ba ta runtsa ba, tana ta yinsa.

A 2023 ita Kondo ta yarda cewa tun da ta haifi ɗa na uku gidanta ya hargitse, ta kuma sassauta. Malama ta sauka daga tabarma, amma madalla da ɗalibai, suna nan kan bakansu.

Rana ta uku Inna ta kwance bakin zane ta ba ni kuɗi, ta ce in tafi Gawi kada in dawo hannu rabbana. Na dawo a bayan babur, rungume da randa kamar mai jego. 'Yar yayana ta girgiza kai ta ce ciwon Kaka ya dawo. Inna ta sa aka girke randar a gurbin tsohuwar, ta kife moɗa a kan murfin, sannan ta buɗe firij ta jera tsofaffin zannuwanta a ciki.