Ranka Ya Daɗe, Sarkin Sai Gobe

A buga tambari, a busa kakaki, gwarzo ya shiga aji shida! Kowace shekara, a farkon watan Satumba, makarantu da kwalejojin Ingila suna karɓar samari da 'yan mata 'yan shekara 16 waɗanda suka gama jarrabawar GCSE. Shekara biyu ce a gabansu, ta 12 da ta 13 a lissafin karatun ƙasar, waɗanda ake kira aji shida, kuma a ƙarshensu akwai jarrabawar A-level, wadda tun 1951 take riƙe da makullin jami'a. A cikin wannan ayari akwai gwanin da ba a taɓa biyansa haƙƙinsa na yabo ba. Kullum masu kwana kan littafi ake kira a ba su kyauta a gaban iyaye, shi kuwa a bar shi da tafi. Yau ranarsa ce. Ranka ya daɗe Sarkin Sai Gobe, mai shekara biyu a aljihu, wanda littafi ke samun hutu a hannunsa!

Abin da za a fara yaba maka shi ne lissafi. Bara darussa tara ko goma kake ɗauke da su, bana uku ne kacal. Tun ranar farko ka buga ka raba, ka gano cewa aiki ya ragu da kashi biyu cikin uku. Malamai sun tara ku a babban zaure sun ce a yi hattara, ukun nan sun fi goman can zurfi. Sun ce mai lissafi zai yi karo da kalkulas tun a shekarar farko, mai kimiyyar sinadarai zai bayyana yadda kowane haɗi yake faruwa mataki-mataki, mai tarihi kuma zai rubuta bincike na kalmomi dubbai, ya kare ra'ayinsa da hujja. Amma su malamai me suka sani? Kai ne fa ka yi haddar mako biyu ka ci manyan maki, 7 da 8, a GCSE, har aka ɗauki hotonka riƙe da takarda aka tura wa dangi. Ƙwaƙwalwar da ta yi wancan aiki ta wuce a ba ta shawara. Dabarar da ta ci bara ai dole ta ci har abada.

Sai ni'imar da ta fi kowace, wato guraben da babu darasi a jadawali. Makaranta ta ce lokacin nazari ne. Ta buɗe laburare, ta ɗumama ɗaki, ta ce duk awa ɗaya da aka yi da malami a aji a biya ta da awa ɗaya ta karatun kai. Kai kuma da kaifin basirarka ka lura cewa babu mai kiran suna a wannan lokaci. Ka nufi ɗakin shaƙatawar manyan ɗalibai, ka zaɓi kujera mai laushi, ka kafa fada. A nan ake yanke hukunci kan ko Arsenal za ta ɗauki kofi bana, da wanda ya kamata Manchester United ta sallama. In yunwa ta taso ga mai soyayyen kaza a bakin titi, tunda yanzu an amince ku fita da rana. Allah ya ƙara zumunci. Laburare kuwa ka bar wa marasa abokai, kuma wannan ma jinƙai ne, don da ka shiga da ka matse musu wuri.

Kada wani mahassadi ya ce ba ka shirya ba. Wa ya kai ka kayan aiki? Manyan fayil uku, kowane darasi da launinsa. Alƙaluman shafa launi jeri guda, rawaya da kore da ruwan hoda. Jadawalin bita da ka ɓata Lahadi guda kana zana shi, ka manna a bango, yana nan fes har yau don ba a taɓa wahalar da shi ba. In ka buɗe littafi, sai ka shafe shafi da rawaya daga sama har ƙasa, saboda adalcinka bai yarda a fifita wani layi a kan wani ba. Sannan ka kwafe abin da ke cikin littafin zuwa takarda da kyakkyawan rubutu, ka rufe, ka yi miƙa, ka ce yau an sha karatu.

Wasu masu neman ɓata maka suna za su kawo zancen bincike. Za su ce a 2013 John Dunlosky na Jami'ar Kent State a Amurka, shi da abokan aikinsa, sun auna dabarun karatu guda goma, kuma shafa launi da sake karanta shafi ɗaya sun faɗo cikin masu ƙarancin amfani. Za su ce biyun da suka zo a sama su ne mutum ya rufe littafi ya gwada kansa da tambayoyi, da kuma ya rarraba bitarsa a kan kwanaki da makonni maimakon ya tara ta dare ɗaya. Za su jawo Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus, wanda tun 1885 ya nuna cewa abin da aka koya yana zubewa da sauri a kwanakin farko in ba a waiwaye shi ba. Har ma su ce ɗan makarantar allo ya san wannan tun kafin a rubuta shi a mujalla, tunda ba ya wanke allonsa sai ya kife shi ya kawo karatun da ka, kuma bayan ya wanke yana komawa tilawa. Kada ka saurare su, ranka ya daɗe. Waccan hanya tana da muni ɗaya: tana nuna wa mutum abin da bai sani ba. Taka kuwa ba ta taɓa kunyata ka ba. Duk shafin da ka kalla sai ka ji ka san shi, ka kwanta da farin ciki.

Kuma a yaba maka amana, domin ba ka taɓa yasar da wayarka ba. Tana gefen littafi, fuskarta sama, ko da wani zai nemi taimako. Da ita kake kallon bidiyon wasu ɗalibai a YouTube suna karatu na awa uku, kana taya su da ido. Da ita kake neman dabarun cin A* a TikTok har ƙarfe biyun dare. Tun da ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022, aikin gida ma ya zama tarihi. Malama ta ce a yi sharhi kan dalilan Yaƙin Duniya na Farko, ka miƙa wa ƙirƙirarriyar basira, cikin daƙiƙu ta ba ka sakin layi shida masu santsi. Malama ta duba, ta yi maki, ta rubuta gyara a gefe. Kowa ya yi aikinsa: na'ura ta yi tunani, malama ta yi wa na'ura gyara, kai kuma ka huta. Likitoci sun ce mai shekarunka yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, don a cikin barci ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya da rana. Kai ka maye gurbinsa da gwangwanin lemon ƙara kuzari a kan hanyar makaranta. Ai wanda bai tara komai ba, ba ya buƙatar ma'aji.

Babbar hikimarka kuwa, wadda ka gada daga manyan da suka gabace ka a ɗakin shaƙatawa, ita ce: shekara ta 12 ba ta shiga lissafi. Kana ma da hujja. A da, jarrabawar AS da ake yi a ƙarshen shekarar farko rabin makin A-level ce. Gyaran da aka tsara zamanin da Michael Gove yake ministan ilimi, wanda ya fara aiki a Ingila daga 2015, ya raba su, ya tara jarrabawa duka a watannin Mayu da Yuni na shekara ta biyu. Masu tsoro suka fahimci cewa yanzu karatun shekara biyu za a tambaya a zama ɗaya, don haka abin da aka koya a Satumbar farko dole ya rayu wata ashirin a ka. Kai kuwa ka fahimci abin da ya fi daɗi: an ba ka shekara guda kyauta.

Akwai wani ɗan ƙaramin abu da bai kamata ya tayar maka da hankali ba. Neman jami'a ta hukumar UCAS ana yin sa ne kafin a zauna jarrabawa, kuma jami'o'i suna duba makin da malamanka suka yi hasashen za ka ci. Malaman kuma daga ina suke hasashe? Daga aikin shekara ta 12 da jarrabawar gwajin ƙarshenta, wato shekarar nan da ba ta shiga lissafi. Mai son Oxford ko Cambridge, ko likitanci ko likitan haƙori ko na dabbobi, zuwa 15 ga Oktoba na shekara ta 13 dole takardarsa ta shiga, makonni kaɗan bayan an dawo hutu. Masu neman likitanci ma tun da bazara suke zama jarrabawar UCAT, kuma galibin makarantun likitanci A uku suke nema ko fiye. Amma kai kana da mafita. In aka yi maka hasashen C da D, sai ka tura Baba ya je ya roƙi malami ya ɗaga. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, to su ba su ga gwani irinka ba.

Ba za a rufe yabo ba sai an sa masu taimaka wa Sarki. A gaishe da iyaye, na Landan da Birmingham da Manchester, da na Kano da Abuja masu sayen fam da tsada su tura ɗa makarantar kwana. Sun zaɓa masa likitanci tun yana cikin zanen goyo, suka cika masa takarda da kimiyyar halittu da sinadarai da lissafi ba tare da sun tambayi inda zuciyarsa da ƙarfinsa suke ba. Kullum tambayarsu ɗaya ce: “Ka yi karatu?” Ya ce “Na yi, Baba.” Shi ke nan, an sauke nauyi. Ƙofar ɗaki a rufe, fitila a kunne, ai shaida ta cika. A gaishe kuma da makarantun da suka shekara biyar suna tauna wa yaro komai suna zuba masa a baki don sakamakon GCSE ya yi kyau a allon talla, sannan a Satumba ɗaya suka ce masa yanzu kai babba ne, koyar da kanka. Sun ba shi 'yanci, ba su zauna sun nuna masa yadda ake riƙe shi ba. Madalla da wannan tarbiyya.

Sai ranar Sarki ta zo. Zauren wasanni cike da tebura a jere, waya a waje, alƙalamin rawaya ba shi da aiki. Mai lissafi takarda uku zai zauna, kowace awa biyu, kuma babu na'urar da za ta yi masa tunani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A wata Alhamis ta tsakiyar Agusta za a buɗe ambulan. Waɗanda ka bar wa laburare za su rungumi iyayensu, kai kuma za ka samu damar nuna ƙwarewarka a waya, kana kiran jami'o'i ɗaya bayan ɗaya kana tambayar ko akwai ragowar gurbi. In an samu, kuɗin karatun ɗan ƙasa ya kai fam 9,535 a shekara a zangon 2025, kuma mafi yawan ɗalibai bashi suke ci su biya. Za ka shiga jami'a da halin da ka reno shekara biyu, a wurin da guraben jadawali suka fi na aji shida yawa.

To, ɗana, kirari ya ƙare, kuma ka san ba don ƙi aka yi maka shi ba. Abin da ke ci mini rai shi ne kai ba daƙiƙi ba ne. Yara masu kaifin kai su ne suka fi faɗawa wannan rami, saboda ba su taɓa buƙatar koyon yadda ake karatu ba sai da karatun ya fi ƙarfin hadda. Gyaran kuma ba ya buƙatar ka daina wasa ko ka rabu da abokai. Gurbi ɗaya a kowace rana ka kai shi laburare, waya tana cikin jaka. Abin da aka koyar yau, ka rufe littafi da yamma ka rubuta shi da ka, ka duba inda ka faɗi, ka dawo masa bayan mako. Ka nemi tsofaffin takardun jarrabawa, waɗanda hukumomin AQA da OCR da Edexcel suke sakawa a intanet, ka amsa su da agogo a gabanka. In abu ya shige maka duhu a Oktoba, ka tambayi malami a Oktoba. In darasin da aka zaɓa maka ba naka ba ne, ka faɗa a makonnin farko, lokacin da sauyawa take yiwuwa.

Ku kuma iyaye, ku sauya tambaya. Maimakon “ka yi karatu?”, ku ce “zo ka bayyana mini abin da ka koya yau”, ku zauna ku saurara ko da ba ku san darasin ba. Minti goma na wannan zai gaya muku gaskiyar da rufaffiyar ƙofa take ɓoye muku. Ku fara tun wannan zango, domin malamin da zai rubuta makin hasashen ɗanku ya riga ya fara lura da shi.