Jagoran Mai Neman Zama Gwanin Excel a Ƙasar Daura

Jadawalin lissafi manhaja ce ta kwamfuta wadda ke shimfiɗa wa mutum fili mai layuka a kwance da layuka a tsaye, inda kowace mahaɗar layi biyu ta zama gida guda da ake iya zuba lamba ko suna ko umarni a cikinsa. Wanda ya fara yin fice shi ne VisiCalc, wanda Dan Bricklin da Bob Frankston suka fitar a Amurka a 1979, sannan kamfanin Microsoft ya fito da Excel a 1985, kuma shi ne a yau ya mamaye ofisoshi da shagunan buga takardu tun daga cikin garin Daura har bakin iyaka a Kongolam. Tun fitowar 2007 kowane shafinsa yana da layuka 1,048,576 a kwance da 16,384 a tsaye, amma wannan yalwa ba ta hana gogaggen ma'aikaci cusa sunan manomi da ƙauyensa da lambar wayarsa da sunan kakansa duk a gida ɗaya ba.

Matakin farko ga mai koyo shi ne ya sami kwamfutar kanta, wanda ba ƙaramin aiki ba ne, domin a ofisoshi da yawa takan kasance a hannun mutum guda da ke tsaronta yadda tarihin baka ya ce macijin rijiyar Kusugu yana yi, wato ba a ɗiba sai ranar Juma'a, kuma ranar ana tashi aiki da wuri. Tun da ba a yarda da dabarar Bayajidda a aikin gwamnati ba, abin da ya rage shi ne gaisuwa da goro da yawan faɗin "Allah ya ƙara girma, Yallaɓai" har mai tsaron ya tafi hutun shekara.

Bayan wannan sai fomula, wato umarnin lissafi da ake rubutawa a cikin gida, wanda dole ya fara da alamar daidai, idan kuwa aka manta da ita Excel zai ɗauki umarnin a matsayin zance ya ajiye shi ba tare da ya lissafa komai ba. Wanda ya rubuta =SUM(C2:C400) ya umarci na'urar ta tara duk lambobin da ke layin C daga gida na 2 zuwa na 400, kuma idan aka canza lamba ɗaya jimillar za ta gyara kanta. Akwai mazhabar da ba ta aminta da wannan ba, wadda mabiyanta kan tara lambobin da kalkuletar waya su rubuta amsar da hannu a ƙasan layi, kuma fa'idar wannan hanya ita ce jimillar ba ta taɓa motsawa komai yawan buhunan takin da suka ƙaru ko suka ragu, abin da ke kawo kwanciyar hankali har zuwa ranar da mai binciken kuɗi ya iso.

Mai koyo zai lura cewa idan ya ja fomula zuwa ƙasa, sunayen gidajen da ke cikinta suna tafiya tare da ita, C2 ta koma C3, ita kuma ta koma C4. Wannan yana da kyau ga yawan buhuna, amma bala'i ne ga farashin buhu da aka ajiye a gida ɗaya, domin daga layi na biyu fomular za ta riƙa ninka buhuna da gidan da babu komai, manoma 398 su tashi da taki kyauta. Maganin shi ne a ɗaure gidan farashin da alamar dala, a rubuta $E$1 maimakon E1, kuma maɓallin F4 yana yin wannan da taɓawa guda. Masana sun tabbatar cewa wannan ce kaɗai hanyar da mai albashin naira zai riƙe dala biyu a lokaci ɗaya ba tare da ya je wurin 'yan canji ba.

Wajibi ne kuma a san cewa Excel yana da ra'ayin kansa game da lambobin 'yan Najeriya. Duk lambar wayar da ta fara da sifili, kamar masu farawa da 080 ko 070, yakan cire mata sifilin saboda a ilimin lissafi sifilin farko ba shi da daraja, kuma haka yake yi wa lambar asusun banki mai lambobi 10 idan ta fara da sifili, sai an saita layin a matsayin rubutu tun kafin a fara shigarwa. Kwanan wata ya fi wannan rikici, domin kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka tana fara karanta wata kafin rana, ta yadda wanda aka ɗauka aiki ranar 3 ga Afrilu zai tsinci kansa ya kama aiki ranar 4 ga Maris, ya kuma fara tunanin neman ariyas. Ba akawun Daura kaɗai abin ya dama ba: a 2020 masana kimiyyar ƙwayoyin gado sun canza sunayen wasu ƙwayoyin halittar ɗan Adam, irin su MARCH1 da SEPT1, saboda Excel ya dage cewa ranakun Maris da Satumba ne.

Daga nan mai koyo zai kai ga VLOOKUP, fomular da ke ɗaukar suna ko lamba daga wannan jadawali ta nemo abin da ya dace da ita a wani jadawalin, wadda kuma iya furta sunanta a taro ya isa a fara kiran mutum Injiniya. Idan ba ta sami abin da take nema ba sai ta rubuta #N/A, idan an share gidan da ta dogara da shi ta rubuta #REF!, idan kuma wata fomula ta raba lamba da sifili sai a ga #DIV/0!. Waɗannan alamomi gargaɗi ne, kuma gwani na gaske ba ya jure gargaɗi a gaban maigidansa, saboda haka yakan lulluɓe komai da IFERROR, wadda ke mayar da kowane kuskure sifili ko fili, shafi ya fito fes, kuskuren kuma ya ci gaba da zamansa lafiya a ƙarƙashi.

Ƙololuwar wannan ilimi ita ce teburin fibot, wato kayan aikin da ke ɗaukar dogon jeri na dubban layuka ya taƙaita shi cikin ƙaramin jadawali ba tare da an rubuta fomula ko ɗaya ba. Tunaninsa ya fito a manhajar Lotus Improv a 1991, Excel kuma ya karɓe shi a fitowarsa ta 5. Yana da akwatuna huɗu, na layin kwance da na layin tsaye da na abin da za a lissafa da na tacewa, kuma aikin mai amfani shi ne ya ja kan layi ya jefa a akwatin da ya dace. Idan sakataren wata ƙungiyar manoma ya jefa "ƙaramar hukuma" a akwatin farko, "buhuna" a na uku, ya kamata ya ga layi biyar, tun da masarautar Daura ta ƙunshi Daura da Ɓaure da Mai'adua da Sandamu da Zango.

Abin da zai gani kuwa layi 11 ne. Akawun safe ya rubuta Mai'adua, na rana ya rubuta Maiadua, ɗan bautar ƙasa ya rubuta Mai Adua, wani mai kishin daidaitacciyar Hausa ya rubuta Mai'aduwa. An sami Zango da Zangon Daura, an sami Baure da Ɓaure mai lanƙwasa, an kuma sami Daura biyu masu kama da juna sak, sai dai ɗaya tana ɗauke da tazara a bayanta wadda ido ba ya gani. Sandamu ce kaɗai ta tsira. Bayan jihadin ƙarni na 19 sarautar ƙasar ta rabu gida uku, tsakanin Daura da Zango da Ɓaure, sai a 1906 Turawa suka mayar da Malam Musa kan gadon Daura, amma abin da yaƙi ya yi cikin shekaru teburin fibot ya ninka shi cikin daƙiƙa ɗaya, ba kuma tare da amincewar majalisar dokoki ba. Wanda ke son sake haɗa kan ƙasar sai ya yi amfani da TRIM don share tazarar ɓoye, ya daidaita rubutun sunayen, sannan ya kafa wa layin jerin zaɓi domin akawu ya daina ƙirƙirar ƙananan hukumomi da yatsunsa. Wanda ba ya so kuma yana iya gabatar da rahoton a haka ya ce ci gaba ne.

Akwai wasu tarkuna biyu da ke kusa da wannan. Idan wani ya rubuta "buhu biyar" ko "ya karɓa" a layin lambobi, fibot yakan koma ƙirga yawan layuka maimakon tara buhuna, ya ba da amsa ƙarama mai kyan gani da babu wanda zai yi zargi. Na biyu, a mafi yawan fitowar Excel fibot ba ya sanin an ƙara sababbin bayanai sai an danna Refresh, wato umarnin sabuntawa, saboda haka rahoton da aka kai taron watan Agusta yana iya zama na watan Yuni da sabon kwanan wata a samansa.

Idan asiri ya tonu, mai koyo kada ya ruɗe, domin yana da manyan abokan laifi da zai ambata cikin ladabi. A watan Oktoban 2020 hukumar lafiya ta Ingila ta tsallake kusan mutum 16,000 da suka kamu da korona saboda an yi amfani da tsohon tsarin fayil mai iyakar layi 65,536, kuma a 2013 wani ɗalibi, Thomas Herndon, ya gano cewa masana tattalin arziki biyu na Jami'ar Harvard, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, sun bar ƙasashe biyar a wajen fomularsu a wani bincike kan bashin ƙasa da manyan 'yan siyasa suka riƙa kafa hujja da shi. Ana so a faɗi wannan da murya ƙasa-ƙasa, a fara da "Ranka ya daɗe, ai ko a Ingila ma".

Wanda ya ƙware a duk waɗannan ya shirya karɓar sakamakonsa, wato duk jerin sunaye na ofis da na unguwa za su dawo teburinsa, daga na 'yan adashi har na waɗanda za a kai wa katin ɗaurin aure, kuma hutunsa na shekara zai riƙa ɗagawa saboda babu mai iya buɗe fayil ɗin da ya sa wa suna "na ƙarshe na gaskiya 3". A wannan matsayi ne ake shawartarsa ya sa wa kwamfutar kalmar sirri, ya sanar da ƙananan ma'aikata cewa mai son koyo ya zo ranar Juma'a.