Notis ɗin Tashi Zuwa ga Malam Bairos

Zuwa ga Malam Bairos,
mazaunin filashin kowa da kowa,
tsakanin Samaru da Sabon Gari.

Ba zan yi maka sallama ba, tunda kai ma ba ka taɓa yi wa kowa ba. Gaisuwa dai ga ta a gurguje, don kada a ce mutanen Muchia ba su da ladabi.

Dalilin wannan takarda shi ne in shaida maka zamanka a kwamfutar gidana ya ƙare. Ɗan haya ne kai da ba ya biyan ko sisi, ga ɓarna, ga gayyato dangi. Hanyarka kuma mun san ta. Yaro zai ɗauki filashi, ya hau mota a Kwangila, ya sauka Samaru don ya buga furojet a ɗaya daga shagunan fotokwafin da ke bakin jami'a. Kwamfutar shagon tun safe take haɗiyar filashi, na ɗalibi, na malami, na mai neman aiki, ba a tambayar kowa inda ya kwana. Da la'asar yaro ya dawo da takardu a hannu, kai kuma kana aljihu. Yana sokawa sai ya ga kowace folda ta fito da 'yar kibiya a gindinta. Babi na huɗu ya yi layar zana, sufabaiza kuma na jira ranar Litinin. To, asirinka ya tonu: ba cinye fayil kake yi ba, ɓoyewa kake, ka bar shotkot a gurbinsa don duk wanda ya danna ya ƙara maka wurin zama. Masu gyara a PZ kafin su gama shan shayi sun fito da fayilolin.

Na bi salsalarka ma. Kakanka Brain a Lahore ta Pakistan aka haife shi a 1986, a hannun wa da ƙani, Amjad da Basit, kuma a faifai yake yawo kamar yadda kake yawo a filashi. Shi ko ba komai yana da kunya, don an rubuta adireshin shagonsu da lambar waya a jikinsa. Jikokin ne suka lalace. A watan Mayun 2017 ɗan'uwanka WannaCry ya kulle kwamfutoci a ƙasashe wajen 150, har asibitocin Ingila, yana neman dala 300 kuɗin fansa. Abin haushin, Microsoft ta fitar da facin toshe wannan kafa tun watan Maris. Waɗanda suka sabunta sun yi barcinsu, waɗanda suka ce sai gobe suka kwana a ciki.

Na san abin da yake ba ka ƙwarin gwiwa a unguwarmu: yadda muke ɗaukar maigadi. Mutum zai sayo laftof ta hannu, ya ce wa mai gyara, "Oga, zuba mini antibairos mai ƙarfi." Sai a zuba masa uku, har da gyara. Su kuwa masu gadi uku a ƙofa ɗaya aikinsu cin kwalar juna, kowa na zargin ɗan'uwansa da sata, kwamfuta ta yi ta nishi, fanka na kuka, kai kuma ka bi ta gefe ka shige. Wani nasa ya daina aiki tun bara, jan rubutu na fitowa kullum yana dannawa ya wuce. Mafi ban dariya shi ne mai sa antibairos na sata, wanda aka fasa makullinsa. Wanda ya iya fasa makullin, me zai hana shi cusa ka a ciki? Sau da yawa kai ne ma sanye da rigar maigadin.

Na kyauta ma sai an buɗe ido. A 2024 hukumar ciniki ta Amurka ta ci kamfanin antibairos na Avast tarar dala miliyan 16.5 saboda sayar da bayanan wuraren da mutane ke leƙawa a intanet. Maigadi ke nan da ke tsare ƙofa da dare, da safe ya kai labarin gidan kasuwa.

Saboda haka ga hukuncin da na yanke. Maigadi ɗaya ya ishe ni, Microsoft Defender, wanda yake zuwa da Windows 10 da 11 ba tare da ƙarin kobo ba. Sharaɗinsa a bar shi ya sabunta. Na ji masu cewa data ta yi tsada, kuma gaskiya ne, amma su tambayi wanda aka yi wa fomat ya rasa hotunan bikinsa nawa ya yi asara. Tsohuwar kwamfutar ɗakin yara mai Windows 7, wadda aka daina yi wa faci tun Janairun 2020, na raba ta da intanet da filashi baki ɗaya, sai dai ta koya musu buga rubutu.

Maganar shago kuma, an daina kai filashin gida. Za a mai da takarda PDF a tura wa mai shagon ta WhatsApp, ya buga, a biya, a dawo. Duk abu mai muhimmanci yana da kwafi a imel da kuma wani faifai da ke kulle a durowa, inda ko ƙurarka ba ta kaiwa.

Na ba ka zuwa Juma'a bayan an sauko masallaci ka kwashe komatsanka. Kada ka aiko kowa biko, kuma kada ka koma gidan maƙwabcina, don na riga na ba shi kwafin wannan takarda.

Ni ne mai gidan da ka addaba,
Muchia, Sabon Garin Zariya.