Yadda Za Ka Kawo Hawai Tsakar Gidanka a Janbako

A farkon shekarun 1930 wani Ba'amurke mai suna Ernest Gantt ya buɗe wurin shaƙatawa a Hollywood, wanda aka sani da Don the Beachcomber. Ya ƙawata shi da gora da tsofaffin komar masunta, ya rage hasken fitila, ya ce wa masu shiga su ɗauka suna wani tsibiri ne a tekun Fasifik. Kasuwa ta buɗe, Victor Bergeron ya bi sahu da Trader Vic's a Oakland. Da Hawai ta zama jiha ta 50 a Amurka a 1959, sai masu hali suka shiga kafa bukka mai irin wannan ado a bayan gida. Salon shi ake kira tiki, kuma har gobe akwai masu zuba dala don ɗakinsu ya yi kama da na wanda bai da kuɗin kwano.

To ɗan'uwa na Janbako, albishirinka. Abin da suke saye da tsada, a cikinsa kake ɗaure akuya. Ga yadda za ka shiga sahun manya.

1. Nemo teku

Zamfara ba ta da teku, Legas kuma ba nan kusa ba ce. Amma muna da madatsar ruwa ta Bakolori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gina a kan gulbin Sakkwato, aka kammala a 1978. Juya ƙofar rumfarka ta fuskanci can. In katangar maƙwabci ta tare, cika baho da ruwa, ka sa a kawo maka amalanken yashi daga gulbi a baza. Sai dai ka sanar tun da wuri cewa yashin na ado ne, don kafin la'asar wani zai aiko yaro da kwanon sarki, wai yaɓe kaɗan ya rage masa.

2. Kafa rumfar

Kana buƙatar gwafanni masu ƙarfi, azara, zana, igiyar rama da shibci. Lokacin aikin bayan kaka ne, sa'ad da gamba ta bushe kuma zana ta yi araha. Babbake gindin kowace gwafa, ka shafe shi da baƙin mai kafin ka binne, in ba haka ba gara ce za ta riga ka tarewa. A tayar da jinkar sosai don ruwa ya riƙa gangarewa, a kuma ɗaure ta tamau, domin iskar farkon damina ba ta san ado ba, tana iya kai maka Hawai ɗin har Bakura. Babban sirri: kada ka furta kalmar tiki a gaban mai baibaya. Ce masa rumfar awaki kake so. Aikin ɗaya ne, kuɗin ne ba ɗaya ba.

3. Itatuwa

Kwakwa ba ta son ƙasarmu, kada ka wahalar da kanka. Goruba da giginya sun isa su fito a hoto. Amma ka tuna inuwar giginya na nesa ka sha, na kusa kuwa ƙwallo ne rabonsa, a tsakiyar kai. In yau ka shuka ta, jikokinka ne za su yi bikin buɗewa. Mai gaggawa ya dasa gwanda, ya kewaye ta da ƙaya saboda masu gidan na asali.

4. Kayan ado

Ranar Talata ka shiga kasuwar Talata Mafara: tabarmar kaba, faifai, mafici, malfa, ƙwarya mai zane, ludayi, asabari. Roƙi wani masunci tsohuwar komarsa ka rataya, yagaggiya ta fi tsada a idon masu salon. Asalin tiki sassaƙaƙƙun gumaka ne na mutanen Folinisiya. Wannan ɓangaren ka tsallake shi, sai in kana son huɗubar Juma'a ta zama a kanka. Kife tsohon turmi, ya zama tebur. Kada kuma ka taɓa ƙwaryar jeren uwargida ba da izini ba, in ba so kake rumfar ta zama ɗakin kwananka ba.

5. Abin sha

Can giya suke haɗawa da ruwan 'ya'yan itace. Nan kuwa tun watan Oktoban 1999 aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura, saboda haka wannan babin a rufe yake. Ba a yi asarar komai ba: ga zoɓo da abarba da citta, ga kunun aya da dabino, ga tsamiya, ga fura da nono. Randa ce firjinka, kuma ba a ɗauke mata wuta. Dokar salon ita ce kowane kofi ya fito da 'yar lema a kai. Soka takardar alewa a tsinken tsire ka kafa a tsakiyar fura. In baƙo ya tambayi amfaninta, ce masa haka ake yi a waje.

6. Haske da kiɗa

Can suna kafa sanduna masu ci da wuta a gefen bukka. Kai kada ka gwada. Busasshen shibci, iskar hunturu da harshen wuta in suka haɗu, duk unguwa za ta halarci bikin, kowa da bokitinsa. Fitilar sola ta wadatar. Tanadi gidan sauro, domin sauron fadamar shinkafa ba ya jiran gayyata. Kiɗa kuwa, ƙasar da ta haifi Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru ba ta aron 'yar molon Hawai.

7. Baƙi

Nan ne ainihin kashe kuɗin. Ranar farko Kawu zai leƙo, ya duba sama da ƙasa, ya ce, "Kai yaro, wagga ai rumfar awaki ta." Sannan ya cire takalmi, ya miƙe a tabarmar da ta fi laushi, ya ce a kawo fura. Washegari zai dawo da abokansa. Kafin sati ya zagayo an kafa majalisa, an raba kujerun gwamnati, an yanke farashin taki, kai kuma kana tsugune a rana kana hura gawayin shayi.

Saboda haka ka ware kuɗin sukari kafin na zana, ka kuma sa tufaniya mai igiya. Duk abin da za ka yi, kada ka kuskura ka sa wurin cajin waya. Wanda ya sa, ya yi sallama da rumfarsa.