Alƙalan Koriya a Gindin Gawo

A Dawce ba mu da gidan sinima, amma muna da rumfar mai caji: faifan sola a kan rufi, wayoyi jere kamar ƙosai a tire, ga wata tsohuwar kwamfuta da ke tari kafin ta tashi. Ka miƙa memori da 'yan dalolinka, a loda maka fim ɗin Koriya har sai wayar ta ce ta ƙoshi. Da zarar an kai gero rumbu, an yi sallar isha'i, sai fada ta cika a gindin gawo. A ɗora shayi, a jingina waya da gwangwanin sukari, kotu ta zauna. Na ce kotu, domin ban taɓa ganin wanda ya zo kallo zalla ba. Kowa da shari'ar da ya zo yankewa.

Wanda ya fi kowa sammako shi ne mai ɓarar da miya. Ya yi cirani a Kano, saboda haka babu fim ɗin da bai gani ba. Ana cikin kashi na uku na Jumong zai kurɓi shayi ya ce, "Allah sarki Haemosu, ai ba zai kai ƙarshe ba." Jumong kashi 81 ne, an fara nuna shi a tashar MBC a 2006, kuma mutumin nan yana iya kashe maka daɗin kashi 78 da jimla ɗaya. In aka yi masa ca, sai ya ce shi fa bai faɗi komai ba, ai bai ce ga wanda zai kashe shi ba. Daga nan sai ya faɗa.

Kusa da shi akwai dattijon da ya tabbatar wa kansa cewa mutanen Koriya satar labari suka yi a Daura. Tun ina yi masa dariya har na koma ina sauraro, saboda hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya ce: ɗan sarki ya gudo daga gida ana neman ransa, ya baro mata da ciki a baya, ya sauka a ƙasar wata mace mai mulki da dukiya, ya aure ta, suka kafa daula. "To, ɗana, wa na faɗa maka? Jumong ko Bayajidda?" A wurinsa Soseono ita ce Daurama, Ye So-ya kuwa ita ce Magira da aka bari a Biram. Ko rigimar gado bai bari ba: Yuri ya iso da guntun takobi yana neman ubansa, Soseono ta kwashi 'ya'yanta Biryu da Onjo ta yi kudu, shi kuwa dattijo yana ta kawo Bawo da Karɓagari. Abu ɗaya ke ba shi haushi, babu macijiya, babu rijiyar Kusugu. Ya ce nan ne ɓarawon ya ji tsoro a gane shi. In ka tuna masa cewa an ce a shekara ta 37 kafin haihuwar Annabi Isa aka kafa Goguryeo, sai ya dube ka da tausayi ya ce lissafin nasara ne. Ranar da maƙerin Jumong, Mo Pal-mo, ya yi nasarar ƙera takobin da ba ya karyewa, dattijon bai ko tafa ba. Ya ce a zamanin Sarki Tanimun maƙeran Damagaram igwa suke zubawa, takobi ai aikin almajirin maƙeri ne.

Sai lauyan na biyu. Kowane fim ɗin soyayya na Koriya yana da saurayi na biyu, mai haƙuri, mai kawo laima in ana ruwa, wanda a ƙarshe ake ce masa na gode. Wannan bawan Allah shi ne mai kare su duka, kyauta. Tun da ya kalli Boys Over Flowers, na 2009, bai yafe wa Geum Jan-di ba. Ga Ji-hoo, yaro mai natsuwa, yana goga mata gogensa na Turawa, duk inda ta faɗa rami shi ke ciro ta, amma ta bi Gu Jun-pyo mai murɗaɗɗen gashi da baƙar magana, wanda ya fara da sa 'yan makaranta su wulaƙanta ta. "Haka suke, wallahi haka suke," in ji shi, yana kallon wuta. Duk fada ta san labarin yarinyar da ya yi shekara biyu yana kai wa rake daga lambu, aka ɗaura mata aure da mai shago a Matameye. Ba mai tayar da zancen. Sai dai a ƙara masa shayi.

A cikin gida kuma wata kotun ce, kuma ta fi tamu tsanani. Gwaggona ita ce babbar alƙaliya. Duk duniya ta tsani uwar Jun-pyo, matar nan mai kamfanin Shinhwa da ta rantse ɗanta ba zai auri 'yar mai wanki da guga ba. Gwaggo kaɗai ke bayanta. "Ke, yi shiru," take ce wa ƙanwata, "ba ki haifa ba tukuna. Mace ta tara dukiya, wata ta zo daga sama ta ɗebe mata ɗa?" Da aka nuna uwar ta aika da kuɗi don a rabu da ɗanta, Gwaggo ta ce wannan ai mutunci ne, a nan wa zai biya ki? Korar kare za a yi miki. Amma fim ɗin da ta fi zaunawa a kai shi ne Dae Jang Geum, na 2003, labarin yarinyar da ta tashi a madafar fadar sarki har ta zama likitarsa. Kashi 54 Gwaggo ta kalla, ba don makircin gidan Choi ba, don ta ga hannun mai girki. Hukuncinta: yarinyar tana da tsabta, ta iya riƙe wuƙa, amma ba ta iya miya ba. Babu daddawa, babu kuka, an jera ƙananan kwanoni ashirin, kowanne da loma ɗaya. Kabeji kuma a zuba masa barkono a rufe a tulu har ya yi tsami, a kai wa sarki! Ta ce shi ya sa sarkin kullum ba shi da lafiya.

Mushen lakkol ɗinmu shi ne mai sukar rubutu. Ba ya kallon fim, gyara shi yake yi, kamar da jan biro. Ya ƙirga mana kayan aikin marubutan Koriya a yatsu: mota ta buge mutum a tsakiyar titi, ya farka ya mance budurwarsa amma bai mance hanyar gidansu ba, masoya su gano tun suna yara sun taɓa haɗuwa, a watsa wa mutum ruwan kofi a fuska, jirgi ya kusa tashi, a sheƙa a guje. Ya ce tun Winter Sonata na 2002 suke sayar da mantuwar nan, har Jun-pyo ma sai da aka buga masa ita a ƙarshe. Ya yi gaskiya. Sai dai shekara nawa yana wannan suka, ban ga daren da ya yi fashi ba, kuma na taɓa kama shi yana share ido da hular sanyi. Ya ce hayaƙin gawayi ne.

Akwai liman ɗin fada, wanda yatsansa ke kan waya don tsallake abin kunya. Koriya ba ta ba shi aiki da yawa, don sai a yi kashi takwas kafin a riƙe hannu. Abin da ke damunsa daban ne. Kashi goma sha shida ana kuka, ana goyon budurwa a baya kamar jaririya, ba a aika manya ba, ba a kai goro ba, ba a san waliyyi ba. Abu guda ya yaba: yarinya na kiran saurayi "oppa", aka ce masa ma'anarsa yaya. Ya gyaɗa kai, ya ce ashe da sauran tarbiyya.

Tafinta kuwa ba ya jin Koriyanci, Faransancinsa ma na tasha ne, amma in aka samu fim ɗin da ba a yi masa fassarar Hausa ba, shi ke ɗaukar nauyi. Jarumi ya yi magana ta minti biyu, hawaye na zuba, tafinta ya ce, "Ya ce ba komai."

Ɗan kabu-kabu ya fi ba ni dariya. Crash Landing on You ya fito ƙarshen 2019, daidai lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, kuma duk wanda ke zaune tsakanin Matameye da Daura ya san yadda shinkafa da fetur suka ci gaba da gaisawa cikin dare. Labarin attajira ce daga Koriya ta Kudu da guguwa ta ɗauke da lemar tashi ta jefa ta Arewa, wani hafsan soja ya ɓoye ta, aka yi ta neman hanyar maida ta gida. Ɗan kabu-kabu ya kalli kashi huɗu ya miƙe. Ya ce sojan nan soyayya ce ta hana shi, ba iyaka ba. A ba shi jaka biyar da cikon tanki, kafin asuba tana ɗakin uwarta. Mushe ya yi masa bayanin cewa tun 1953 iyakar nan take shaƙe da nakiyoyi da waya mai ƙaya. Ya ce, "Mushe, ba iyakar da ba ta da hanyar shanu." Da labari ya iso cewa jaruman biyu, Hyun Bin da Son Ye-jin, sun yi aure na gaske a 2022, liman ya ce alhamdu lillahi, ko ba komai an gyara.

Ni kuma? Ni ne mai wayar. Ba ni da ra'ayi, caji nake lissafi. Daren da muka kai kashi na 81 na Jumong, Soseono ta haɗa kayanta za ta yi kudu, Jumong ya hau doki ya bi ta. Dattijo ya matso, lauyan na biyu ya riƙe numfashi, liman ya ɗora yatsa ko da wani abu zai faru. Wayar ta yi ƙara sau ɗaya ta mutu. Aka yi tsit, ba ka jin komai sai tafasar buta. Can sai muryar mai ɓarar da miya ta fito daga duhu, a hankali, kamar mai neman izini: "In faɗa muku?"